Turken da Babu Kowa

Wanda ya ba mu Baffa ya karɓi abinsa ranar wata Talata, bayan sallar asuba, a ƙarshen bazarar bana. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ya cika a wani ɗan ɗaki a Malumfashi, ɗakin da bai taɓa kira gida ba ko da wasa. In ka tambaye shi ina yake zaune, sai ya ce, "Inda aka ajiye ni."

Kafin hantsi ƙofar gidan ta cika. Mutanen unguwa, waɗanda shekara uku kawai suka san shi, suna cewa an yi rashin dattijo mai shiru, wanda kullum yake zaune gindin bango yana fuskantar yamma. Mai shiru! Mu da muka san shi sai muka kalli juna. Mutanen ƙauyenmu kuwa, da tsoron 'yan bindiga ya watsa su, wasu a Funtua, wasu a nan, sai sauka suke daga babura, kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce, "Mai turke biyu ya tafi." Wani ya yi dariya, ya tuna inda yake, ya mai da ita salati. Daga cikin gida ana jin shesshekar mata da muryar Inna, matar Baffa, tana cewa a yi masa addu'a, kuka ba ya ƙara masa komai.

Maƙwabcin gonarsa, tsohon da suka yi shekara da shekaru suna faɗa a kan iyaka, ya iso yana dogara sanda. Bai yi wa kowa gaisuwa ba. Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Ya riga ni. Haka yake. Ko shuka sai ya riga ni."

Ni kuma ina tsakiyarsu ina amsa "Ya haƙuri?" da "Haƙuri sai ma'aiki," alhali hankalina ba ya wurin. Ba baƙin ciki kaɗai ba ne, gara in faɗi gaskiya tunda don ita na ɗauki alƙalami. Tsoro ne. Sati biyu kafin ya rasu Baffa ya kama hannuna ya bar mini wasiyya: a kai shi ƙauye a binne shi kusa da mahaifinsa. Ƙauyen da babu mai kwana cikinsa yau shekara uku, wanda hanyarsa ko mai babur ba ya bi sai ya yi bankwana da iyalinsa. Ga Liman har ya fara maganar a tura samari maƙabartar gari su fara haƙa. Na ji shi sarai, na sunkuyar da kai. A raina ina cewa ni kaɗai na ji wasiyyar nan, in na haɗiye ta wa zai sani?

Baffa wan mahaifina ne. Mahaifina ya rasu ina rarrafe, shi ya ɗauke ni ya haɗa da ɗansa, wanda nake kira Yaya, bai taɓa bambanta mu ba sai a wajen duka, inda nake samun kaso mafi tsoka saboda bakina. Shi ya sa ni boko, ya ce tunda hannuna ba ya riƙe fartanya yadda ya kamata, gara a kai ni inda ake cin abinci da surutu. Da na zama malamin makaranta sai ya laƙaba mini Malamin Taurari. Bai taɓa zama a kujera ba. Goro ɗaya yakan yini da shi a kunci. In ka kawo masa labari mai zafi, sai ya bari ka gama tsaf, sannan ya ce, "To, da idonka ko da kunnenka?"

Sunan mai turke biyu kuwa daga faɗa ya samo shi. Kowace damina Baffa yakan turke sa guda don kiwo. Tsakanin gonarsa da ta maƙwabcin nan akwai wani fili siriri mai tsawo, ciyawa kore shar, ba mai noma shi. In ya kafa turke ɗaya ya saki igiya da tsawo, san yakan zagaya ya kai baki cikin dawar maƙwabci. In ya rage igiyar, san ya cinye gabansa kafin azahar ya tsaya yana kuka. Wata shekara san ya cinye wa maƙwabcin kunya huɗu ta dawa, aka yi cacar baki har gaban mai gari, aka tono laifin kakanni. Baffa ya dawo gida ya wasa gatarinsa.

Washegari ya sassaƙa turke biyu na icen ƙirya, wanda gara ba ta ci. Ya kafa su a tsawon filin, tsakaninsu taku goma sha wani abu. Ya zura doguwar igiya cikin zoben ƙarfe, ya ɗaure bakinta ɗaya a wannan turke, ɗaya a wancan, ya bar ta da sako-sako, sannan ya ɗaura zoben a wuyan san. Sa na tafiya, zobe na zamewa a kan igiya. Ta tsawo yana kaiwa can nesa, ta faɗi kuwa igiya ta tsai da shi daf da iyaka, yana kallon dawa ba halin taɓawa. Maƙwabcin ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "Ko san naka ma ka koya masa makirci." Ran nan da yamma Baffa ya aika masa da dami ɗaya na dawa daga rumbunsa, ya ce a gaya masa sa ne ya aiko, yana ba da haƙuri.

Ina kwalejin horon malamai na dawo hutu wata damina, na kai masa fura gona. Ina ɗaga ido na ga inda san ya cinye, an zana shi a cikin ciyawa kamar da hannu: ba da'ira ba, wani zagaye mai tsawo kamar ƙwai. Na ajiye ƙwaryar na ce, "Baffa! Ka san abin da ka zana kuwa?"

Ya ce, "Ni ban zana komai ba, sa ne ya ci ciyawa."

Na durƙusa na fara zuba. Na ce masa wannan ita ce siffar hanyar da duniyarmu da sauran duniyoyi ke bi suna kewaya rana, kuma haka duniyoyin wasu taurarin ke yi. Da can masana sun ɗauka da'ira ce cif, irin ta turke ɗaya, sai lissafi ya ƙi fita, har aka gano mai turke biyu ce. Na ce ta duniyarmu turakun sun kusa haɗuwa, da ido ba ka raba ta da da'ira, amma ta tauraruwa mai wutsiya sun yi nisa ƙwarai, shi ya sa takan ɓace shekaru sannan ta dawo. In duniya ta matso kusa da rana sai ta ƙara sauri, in ta yi nisa sai ta rage, tana jan ƙafa, kafin ta juyo.

Ya saurare ni yana juya goro. Ya ce maganar wa ke kewaya wa, wannan tsakaninmu da Allah, shi dai gabas yake ganin rana na fitowa. Amma sai ya tambaya, "Ita ranar a ina take zaune? Tsakiya?"

Na ce, "A'a, a turke ɗaya."

"To ɗayan fa? Wa ke wurin?"

Na ce, "Babu kowa. Fili ne kawai."

Wallahi sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Babu kowa kamar yaya?" Na ce ai babu igiya a sama, jan da rana ke yi shi kaɗai ke riƙe da duniya, ɗaya wurin lissafi ne kawai ya nuna shi. Ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi in yana shan fura, ya nuna turakunsa ya ce, "Je ka cire ɗaya ka gani. Je ka! In san nan bai shiga dawar mutumin can ba, ka canza mini suna." Na ce sama daban, gona daban. Ya ce ƙarya boko ke yi, ko dai akwai wani abu a wurin ba su gan shi ba, ko kuma wurin da babu kowa ma yana riƙe abu. Muka yi ta yi har fura ta tsinke.

Shekara ashirin muna wannan gardama. Duk zuwan da zan yi, kafin in cire takalmi zai ce, "Malamin Taurari, an samu wanda ke zaune a turken?" In ce ba a samu ba. Ya ce, "Ku ci gaba da nema." Har yau ni na san ni ke da gaskiya a ilimi, haka nake koya wa ɗalibaina, kuma ba zan canza ba.

Sannan masifa ta zo. Aka fara da shanu, aka koma mutane. Sau biyu 'yan bindiga suna shiga ƙauyenmu, na biyun da rana tsaka, ranar kasuwa. Mutane suka fara ɗaure kaya. Baffa ya ce ba inda za shi, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni na yi masa dabara, Allah Ya yafe mini. Na ce likita na son duba idonsa a Malumfashi, kwana biyu mu dawo. Muna fita da shi Yaya ya kwashe Inna da kaya a bayanmu. Da ya gane, bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya dai dube ni ya ce, "Ka cire ɗaya ke nan." Wata uku bai kira ni Malamin Taurari ba.

Daga baya ya huce, amma bai daina lissafin damina ba. In hadari ya haɗu ta yamma sai ya ce yanzu an yi ruwa a gona. Yakan tambayi duk wanda ya zo ko ya ji labarin rumbunsa, ko tsamiyar maƙabarta na nan. Mu kuma mun riga mun yanke a ranmu cewa ƙauye ya ƙare. Yaya ya fara sayar da kayan miya a kasuwa, har ana maganar in an samu mai saye a rabu da gonar. Ba mu faɗa a gabansa ba, amma tsoho ba ya buƙatar a faɗa.

To, ina zaune a tabarmar makoki da wasiyya a cikina, sai aka ce Inna na kirana. Na same ta a bakin ƙofa, ta ja mayafi har goshi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Za ka faɗa musu, ko in fito in faɗa?"

Na ce, "Inna, faɗa me?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Ni na yi maka wanka kana jinjiri a hannun uwarka."

Na ce, "Inna, hanyar nan ba ta biyuwa. Ko shari'a ba ta ce a kai rai a baro saboda gawa ba. Ina da 'ya'ya."

Ta ce, "Na sani. Ban ce dole ka je ba. Na ce ka faɗa. In an taru an ce ba za a iya ba, shi ke nan, an fita haƙƙinsa. Amma ka ɓoye? Shi bai ɓoye ka ba ran da aka rasa mai ɗaukarka."

Na fito na faɗa. Liman ya ce wasiyya abar girmamawa ce, amma in akwai halaka babu laifi a kan kowa, a binne shi a nan. Wallahi na ji sanyi a raina, har na fara godiya. Sai maƙwabcin nan ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce, "Ni ma ya gaya mini. Ina motar?" Ashe har shi. Ni ina zaton ni kaɗai ne, na manta Baffa bai taɓa ɗaure abu da turke ɗaya ba.

Yaya ya miƙe. Wasu mutum biyu na ƙauyenmu suka miƙe. Wani direban motar ɗaukar kaya, a-kori-kura, wanda Baffa ya taɓa saukar da shi a zaurensa wata damina da motarsa ta maƙale, ya ce shi zai kai mu. Tsoro na daji, kunya na gida. Kunyar ce ta ɗaga ni, ba jarumta ba, kada wani ya rubuta mini abin da ban yi ba.

Aka yi masa sallah a nan gari, muka ɗora makara, da diga da shebur da jarkar ruwa da itacen rufi, muka kama hanya rana na tsaka. Muka bar kwalta. Gonaki ne hagu da dama, ba a share ko ɗaya ba, ga lokacin sharar gona ya yi. Ba akuya, ba hayaƙi, ba mace mai ɗauke da itace. Ina riƙe da gefen makara, duk ramin da muka faɗa sai in ji kafaɗar Baffa ta bugi hannuna ta cikin likkafani. Duk kututturen da na hango sai in ga mutum ne a tsugune. Addu'ar da na iya duk ta gudu, sai "Ya Allah, Ya Allah" kawai nake yi.

Ƙauyen na nan, sai dai babu ƙofofi. Ba mu shiga ba, muka zagaya ta baya zuwa maƙabarta, wadda ke daf da gonar Baffa. Maƙwabcin ya nuna kabarin kakanmu da sandarsa, muka hau haƙa kusa da shi. Ƙasar bazara kamar dutse. Ni, wanda Baffa ya ce hannuna ba ya riƙe fartanya, ran nan na yi haƙan da ban taɓa yi ba, tafina ya fashe ban ji ba.

Mun sa shi ke nan, muna jera itace, sai muka ji ƙarar babura.

Ba wanda ya gudu, don babu wurin zuwa. Babura uku ne, mutum biyu-biyu, bindigogi a rataye. Suka tsaya gindin tsamiya, ba su kashe inji ba. Na ji wani ɗumi na bin cinyata, sai daga baya na san abin da ya faru da ni. Ɗaya daga cikinsu, wanda bai wuce sa'ar ɗalibaina ba, ya ɗaga haɓa ya ce, "Wa ya ba ku izinin shigowa?"

Maƙwabcin ne ya amsa, ko juyowa bai yi ba. "Mai wurin ne ya dawo. Ga shi nan a ƙasa."

Suka kalli ramin, suka kalli motar, suka kalle mu ɗaya bayan ɗaya, kallon da ake yi wa dabba a kasuwa. Ya daɗe a kaina, ko don tabarau ɗina ne, oho. Sannan yaron ya ce, "Ku yi sauri."

Muka yi sauri. Muka kwaɓa ƙasa muka liƙe, muka tura sauran da shebur da hannu da ƙafa. Ina cewa an gama, a tafi, sai na ga tsohon maƙwabcin nan ya juya ya nufi gona. Ta gaban masu bindigar ya bi, taku ɗaya, sanda ɗaya, kamar mai zuwa masallaci. Ya isa siririn filin nan, ya sunkuya cikin busasshiyar ciyawa, ya kama wani abu yana girgizawa. Ya daɗe yana girgizawa. Kowa na kallonsa, har su. A rayuwata ban taɓa ganin lokaci ya yi tsawo irin wannan ba. Can ya taso da turken ƙirya a hannu, ya dawo a hankali yadda ya tafi, ya miƙo mini.

"Kafa masa a wajen kai. Haka ya ce. Ya ce kai za ka kafa."

Na karɓa, na buga shi da bayan diga, har sau biyu ina kuskurewa. Addu'ar da muka yi ba ta kai minti ɗaya ba. Muka hau mota. Ba su bi mu ba, ba su kuma tafi ba, suna nan gindin tsamiya har muka sha kwana. Da muka hau kwalta direba ya tsaya, na sauka na yi amai, na rantse da Allah ni da ƙauyen nan har abada.

Da muka iso, mutane suka yi ta hamdala, ana ta shi mana albarka. Inna ta bari aka watse, sannan ta kira ni da Yaya. Ta tambaya ko an fuskantar da shi alƙibla daidai, muka ce e. Ko kusa da mahaifinsa, muka ce e. Sannan ta ce, "Kun sa ƙaya?"

Muka kalli juna. A ƙauyenmu ba a barin sabon kabari sai an lulluɓe shi da ƙaya, saboda karnuka da namun daji. Balle yanzu da karnukan da aka gudu aka bari suka koma daji da yunwa. Sauri ya sa mun manta.

Inna ba ta ce mu koma ba. Ta dai juya fuska ga bango.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. In na rufe ido sai in ga tsamiya da babura, in na buɗe sai in ga karnuka. A nan na gane abin da Baffa ya yi mana. Gardamar shekara ashirin bai ci ta da baki ba, sai ya je ya kwanta a turken da babu kowa. Yau ƙaya ce. In ruwa ya sauka kabari zai zauna, sai an je an ƙara ƙasa. Bayan wannan ma wani abu zai taso, na san shi.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yalwata masa makwanci, Ya saka masa da riƙon maraya da ya yi, Ya yafe mini ƙaryar likitan ido. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, mu ma ya sa mu, don muna buƙata.

Ran sadakar uku da daddare aka yi ruwan farko. Da gari ya waye, ƙasa na ƙamshi, na ƙulla niyyar azumin kaffarar rantsuwata, na ɗauki gatarin saran ƙaya na fito. Yaya na jirana a kan babur. Da na hau baya sai gwiwata ta bugi wani ƙullin buhu da ya ɗaure a gefe. Na taɓa, na ji irin dawa ne na shuka, wajen mudu biyu.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Bai waiwayo ba. Ya ce, "Tunda dai za mu je."

Na gyara zama, na riƙe gatarin da kyau, na ce masa ya ja mu tafi.